Yadda ake auna zafin kan firinta mai feshin tawada ba tare da ma'auni ya ruɗe ka ba

Tambayar da aka aiko ita ce: "Ina aiki a kan firinta mai feshin tawada, irin wadda ke dafa tawadar kafin ta fesa. Bayan na buga shafi biyar cike da launi, bindigar auna zafi ta nuna mini digiri 31 a fuskar kan, tamokoful ɗin da na manna a jikin katirij ya nuna 36, ita kuma firintar a shafinta na masu gyara ta ce 52. Wanne zan yarda da shi? Kuma ta yaya zan samu awon da kuskurensa bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba?"

Ɗan'uwa, mai yiwuwa babu wanda ya lalace a cikin ma'aunan nan uku naka. Kowanne ya faɗi abin da ya gani ne, sai dai ba wuri ɗaya suka duba ba, ba kuma lokaci ɗaya ba. In ka tilasta mini in zaɓi ɗaya, 52 ɗin nan zan ɗauka, domin ita kaɗai ce ta fito daga inda zafin yake. Amma ita ma ba zan sa mata hannu ba sai na yi mata saiti da kaina, kuma yadda ake yin wannan saitin shi ne ainihin amsar tambayarka.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin kan, wato sashen firinta da ke fesa tawada. A bayan kowace kafar feshi akwai ɗan ɗaki da bai kai kaurin gashin kai ba, a ƙasansa kuma akwai 'yar hita da aka shimfiɗa a kan fallen silikon. Idan za a fitar da ɗigo, sai a ba hitar wuta na maikurosakan kaɗan, wato 'yan kashi cikin miliyan na daƙiƙa. Siririn ruwan da ke taɓa ta sai ya haura zuwa wajen digiri 300 a ma'aunin Selsiyos, ya fashe ya zama kumfar tururi, kumfar ta ingiza ɗigo waje, sannan ta lotsa. Wannan dabarar ta samo asali ne a ƙarshen shekarun 1970, a wurare biyu da ba su san aikin juna ba: a Canon, inda ake ba da labarin Ichiro Endo da allurar tawada da ƙarfen narka dalma ya taɓa a 1977, da kuma HP, waɗanda suka fito da ThinkJet a 1984. Wancan zafin na digiri 300, wanda shi ne na farko, babu wani ma'aunin da za ka manna ya gan shi, kuma ba ka ma bukatarsa. Ya zo ya wuce kafin kowace mita ta motsa.

Zafi na biyu shi ne na fallen silikon ɗin kansa, wanda ragowar ɗumin dubban harbi ke taruwa a cikinsa. Yana hawa da sauka cikin ƙasa da daƙiƙa zuwa 'yan daƙiƙu. Na uku shi ne na jikin katirij da robar da ke riƙe da fallen, wanda yakan ɗauki mintuna kafin ya motsa. Na biyun nan shi ne wanda ingancin bugu da lafiyar kan suka rataya a kansa, shi ya kamata ka bi.

Dalili kuwa kaurin tawada ne. Yawancin tawadar irin wannan firinta ruwa ne, shi kuma ruwa yana tsinkewa yayin da yake ɗumi. Kaurinsa a digiri 20 kusan 1.00 ne a ma'aunin milipaskal-sakan, a digiri 30 ya koma 0.80, a digiri 40 ya koma 0.65, a digiri 50 kuma 0.55. Kusan kashi 2 cikin ɗari ke nan a kan kowane digiri. Tawada mai ɗumi tana fita da sauƙi, kumfarta ma ta fi girma, don haka ɗigon ya fi girma, launi ya fi duhu. Shi ya sa wani lokaci za ka ga farkon layi ya fi ƙarshensa haske, ko saman shafi ya bambanta da ƙasansa. Masu ƙera firinta suna magance wannan da hanya biyu: su ɗumama kan da gajerun harbi marasa fitar da ɗigo kafin a fara bugu, sannan su riƙa rage tsawon harbin yayin da fallen ke zafi. Duka biyun sun dogara ga sanin zafin fallen a kowane lokaci. To ka ga ba don ado aka sa sensa a ciki ba.

Akwai wani lissafi da nake so ka riƙe, domin yana bayyana abubuwa da yawa. Mu ƙaddara kowane harbi yana cin maikurojul 1, kafofi 500 suna aiki, kowacce tana harbi sau 20,000 a daƙiƙa. Wat 10 ke nan ake zubawa a kan fallen da faɗinsa 'yan milimita ne. Ina wannan zafin yake zuwa? Kaso mai tsoka yana fita ne tare da tawadar. Ɗigo mai girman fikolita 5 nauyinsa kusan nanogiram 5 ne, kuma da a ce shi kaɗai zai kwashe maikurojul ɗin nan, sai ya ɗumi da kusan digiri 48. Lambobin misali ne, na kanka za su bambanta, amma abin da suke nunawa ba ya canzawa: tawadar da ke fita ita ce ke sanyaya kan. Da zarar ta yanke, ko don katirij ya ƙare, ko iska ta shiga, ko kafofi sun toshe, hitoci na ci gaba da aiki babu mai kwashe zafin, sai fallen ya haura da sauri. Kuskuren 5200 da firintocin Canon ke nunawa na hauhawar zafin kai ne, kuma sau da yawa tushensa ke nan. Saboda haka kada ka taɓa gwajin zafi da katirij da ba ka tabbatar da tawadarsa na gudana ba. Buga gwajin kafofi tukuna.

Yanzu ga bindigarka. Ita ba ta taɓa komai, hasken zafi da ke tashi daga jikin abu take karɓa, ta lissafa. Yawancinsu an saita su ne a kan cewa abin da ake aunawa yana fitar da kashi 95 cikin ɗari na hasken da ya kamata. Fata, takarda, roba da fenti duk sun yi kusa da haka. Ƙarfe mai sheƙi kuwa yana iya fitar da kashi 10 ko ƙasa da haka, sauran abin da bindiga ke gani hoton ɗakin ne da ya dawo mata kamar daga madubi. In fuskar kan naka irin ta ƙarfe ce mai ruwan zinare, kamar yadda tsofaffin katirij da yawa suke, to ga lissafi: falle yana 52, ɗaki yana 28, bambanci 24, kashi ɗaya cikin goma na 24 bai kai 3 ba, ka ɗora a kan 28, ka samu kusan 31. Ka ga inda lambarka za ta iya fitowa.

Ko da fuskar ta roba ce, ba ka tsira ba. Bindiga mai rubutun 12:1 tana kallon da'ira mai faɗin santimita 1 ne daga nisan santimita 12, alhali fallen bai kai rabin haka a faɗi ba, sai ta haɗa shi da robar da ke kewaye ta ba ka matsakaici. Jan ɗigon leza da kake gani ba shi ne wurin awon ba, manuni ne kawai, kuma a kusa yakan kauce daga tsakiyar da'irar. Ga danshin tawada a fuskar, wanda yana bushewa yana sanyaya wurin. Ga kuma lokaci: kafin ka buɗe murfi, kan ya zo tsakiya, ka saita hannu, daƙiƙa goma ko ashirin sun wuce, fallen ya riga ya zubar da yawancin zafinsa. Wasu sukan ba da shawarar a manna baƙin tef na masu wayarin don gyara matsalar sheƙi. A kan ƙarfen inji wannan dabara ce mai kyau. A kan kafofin feshi kada ka yi, gam ɗin zai shiga kafofin, kuma kan da aka toshe ba ya cikin yanayin da kake son aunawa. Kyamarar zafi mai gilashin kusa tana da amfani wajen ganin wane gefe ya fi wane zafi, amma lambar da take bayarwa tana fama da duk waɗannan matsalolin.

Tamokoful ɗinka, wato wayar auna zafi da ka manna, ya fi bindiga gaskiya, sai dai an ajiye shi a bayan katanga. Silikon yana wuce da zafi da kusan wat 150 a kowace mita a kowane digiri, roba kuwa wajen 0.2. Bambancin ya haura sau ɗari bakwai. Tsakanin fallen da inda ka manna wayar akwai gam, akwai roba, akwai tawada mai sanyi da ke gangarowa daga tanki. Shafi biyar ba su isa su ratsa wannan ba. Sannan ita kanta wayar tana jan zafi daga wurin da ta taɓa ta kai shi iska, musamman in mai kauri ce. Kuma tamokoful nau'in K na gama-gari an yarda masa kuskuren digiri 2.2 tun daga masana'anta, kafin a ƙara na mitar da ke karanta shi. Wanda ke neman awo cikin digiri ɗaya ba zai fara da shi haka nan ba. In dole sai da shi, nemi siririyar waya mai kaurin milimita 0.08 zuwa 0.13, ka kai ta kusa da gefen fallen iyakar iyawa ba tare da ta taɓa kafofi ko layukan wuta ba, ka kwantar da santimita ɗaya ko biyu nata a jikin wurin kafin ta tashi sama, ka sa ɗan gam mai wuce da zafi. Duk da haka, abin da za ka samu zafin maƙwabcin falle ne.

Sensar da ke cikin fallen iri biyu ce aka fi sani. Ta farko siririn layin alminiyam ne da aka zagaya da shi a kan silikon, kusa da jerin hitoci, kamar yadda HP suka daɗe suna yi. Turjiyar alminiyam tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, a siririn shimfiɗi kuma takan ɗan yi ƙasa da haka. Ta biyu dayod ne, wato ɗan kayan lantarki mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, da aka ƙera a cikin silikon ɗin, irin wanda ake samu a kawunan Canon. In ka ratsa shi da wuta madaidaiciya marar canzawa, boltej ɗinsa yana raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri. Akwai bambancin da ya kamata ka sani a tsakaninsu. Layin alminiyam yana ba ka matsakaicin zafin duk tsawon da ya bi, dayod kuwa na wuri ɗaya tak. In hoton da kake bugawa yana aiki da kafofin gefe ɗaya kawai, ko launi ɗaya, layin zai ɓoye maka wurin da ya fi zafi, dayod kuma zai iya kasancewa nesa da shi ko a kansa daidai. Shi ya sa dogayen kawuna ke da sensa fiye da ɗaya.

A nan ne gizo ke saƙar. Yadda sensar ke canzawa da zafi, wato gangarenta, kusan ɗaya ne a duk kawunan samfuri guda. Amma inda take farawa ya bambanta daga kai zuwa kai, domin kauri da faɗin layin ba sa fitowa daidai wa daida a masana'anta. Mu ce turjiyar layinka om 100 ce a digiri 25, gangarensa kashi 0.35 cikin ɗari. Wani kan na samfurin ya fito da om 105. In ka karanta na biyun da lissafin na farko, za ka ce yana digiri 39 alhali yana 25. Bambancin kashi 5 cikin ɗari ya zama kuskuren digiri 14. Dayod ma haka: milibolt 10 na bambanci digiri 5 ne. Firinta tana rage wannan ne ta hanyar adana lambar gyara, ko ta kwatanta sensar kan da wata tamista, wato 'yar sensar zafi mai canza turjiya, da ke jikin injin a lokacin da take ganin komai ya huce. In an sauya kai, ko an kunna ta kan yana da ɗumi, ko tamistar tana kusa da wani abu mai zafi a allon lantarkin firintar, kwatancen zai iya karkacewa, kuma duk lambar da za ta ba ka daga baya tana ɗauke da wannan karkatar. Wannan ne ya sa na ce 52 ɗin sai an tantance ta.

Tantancewar ba ta da wuya, haƙuri take so. Da farko samu ma'aunin da za ka dogara da shi. Na fi son Pt100, wato ma'aunin zafi na ƙarfen platinum, mai daraja ta A, wanda kuskurensa a digiri 45 bai wuce 0.24 ba, amma tamista mai kyau ma ta isa. Gwada shi a cikin niƙaƙƙiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, ka juya sosai, ya kamata ya nuna 0. Kada ka dogara da tafasasshen ruwa, domin matakin tafasa yana sauka gwargwadon tudun wurin da kake. Daga nan kashe firintar, cire ta daga soket, ka bar ta ta kwana a ɗakin da rana ba ta bugu, iskar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ba ta kaɗa ta, ma'aunin naka yana kwance kusa da kan. Da safe komai na cikinta zafinsa ɗaya ne da na ɗakin. Wannan shi ne lokaci guda da ka san zafin fallen ba tare da shakka ba.

In shafin masu gyara kawai kake da shi, kunna ta ka karanta nan take, kafin ta fara wanke kai ko ɗumama shi. Wasu firintocin suna fara ɗumamawa tun kafin ka kai ga shafin, don haka ka lura ko lambar tana sauka a hankali in ka bar ta zaune. Ma'auninka ya ce 27, ita ta ce 31, an maimaita kwana biyu ko uku ana samun haka? To ka san tana ƙara 4, kuma 52 ɗinka 48 ce.

In kuwa kai ne ke gina da'irar da ke tuƙa kan, ko kana da takardar da ta nuna maka ƙafafun sensar, to auna ta kai tsaye. Rubuta turjiyar da zafin ɗakin. Daga nan lissafin shi ne: raba sabuwar turjiya da ta farko, cire 1, raba da gangaren, ka ƙara a kan zafin farko. Om 100 a digiri 25 ta koma 107: 0.07 a raba da 0.0035 ya ba da 20, zafin 45 ke nan. Shi kuma gangaren kada ka ɗauko shi daga littafi, auna shi. Sa kan a cikin akwati mai riƙe zafi da 'yar hita da ƙaramar fanka, ka kai shi wajen digiri 45, ka jira har ma'auni da sensar duka su daina motsi na mintuna da yawa, sannan ka rubuta. Ka yi wannan da mataccen kai ko wanda babu tawada a cikinsa in kana da shi, domin iskar da ke cikin cikakken katirij tana buɗewa da zafi ta turo tawada waje. Tunda gangaren kusan ɗaya ne a samfuri guda, za ka iya ɗaukarsa daga mataccen, ka ɗauki mafarin daga mai rai. Ina roƙonka kada ka bi ƙafafun kai da tsinken mita kana lalube. Akwai ƙananan da'irori a kan fallen da wutar jikin mutum ma ke iya kashewa, kuma ba a auna turjiya a da'irar da ke da wuta. A wasu sababbin kawunan ma ba a fito da sensar waje kai tsaye ba, sai ta hanyar umarni daga allon, a nan shafin masu gyara shi ne ƙofarka.

Akwai hanyar da ke rage bukatar saitin dayod, in kana da ikon canza wutar da ke ratsa shi. Ka auna boltej da wuta kaɗan, ka sake aunawa da ninkinta goma. Bambancin awon biyu yana tafiya ne kai tsaye da zafi a ma'aunin Kelvin, kusan milibolt 0.2 a kowane digiri, wajen milibolt 59 a zafin ɗaki, kuma bai damu sosai da bambancin ƙira ba. Haka ake karanta zafin yawancin furosesan kwamfuta. Illarsa ita ce siginar ta ragu sau goma, sai da'irarka ta kasance mai tsabta ƙwarai.

Tsabtar da'ira kuwa ita ce ke kayar da yawancin masu wannan aiki. Wutar miliamfiya 1 a layin om 100 tana ba ka canjin milibolt 0.35 ne kacal a kowane digiri. Kada ka ƙara wutar sosai don ka samu babbar sigina, sai sensar ta fara ɗumama kanta. Ƙara girman siginar da amfilifaya. Dubi kuma ADC ɗinka, wato sashen da ke mayar da boltej lamba: mai bit 10 a kan bolt 3.3 kowane takunsa milibolt 3.2 ne, fiye da digiri ɗaya da rabi ke nan a dayod, kusan digiri 9 a layin alminiyam in babu amfilifaya. Mai bit 12 takunsa milibolt 0.8 ne. Sannan turjiyar hanya: rabin om a doguwar wayar kai ko a wurin haɗuwar katirij da mazauninsa digiri 1.4 ne a misalinmu. Tabon busasshiyar tawada a kan ɗigogin zinare da ke wurin haɗuwar nan ya isa ya ƙara fiye da haka, kuma yana canzawa duk lokacin da aka cire katirij aka mayar. Goge su da kyalle marar gashi kafin saiti, kuma in ka cire ka mayar, sake duba mafarin. Inda hali ya yi, yi awon waya huɗu irin na Kelvin, biyu su kai wuta, biyu su karanta boltej daga kusa da sensar.

Wannan ya ba ka wata hanyar gane cuta. Layin alminiyam in hanyarsa ta yanke ko ta yi datti, zafi mai yawa zai nuna. Tamista irin wadda turjiyarta ke raguwa da zafi, da dayod, in suka yanke sanyi mai tsanani suke nunawa. Firintar da ta kwana a kashe, aka kunna ta ta ce kai ya yi zafi tun kafin ta fesa ɗigo ɗaya, ba zafi ke damunta ba. Duba haɗin, duba wayar, sannan ka zargi kan.

Abu mafi wahalar ganewa shi ne hayaniyar harbi. Lokacin da ɗaruruwan hitoci ke kunnuwa da mutuwa, wuta mai yawa tana bin layin komawa, wanda masu gyara ke kira giraun. In sensarka tana tarayya da su a wannan layin, boltej ɗin da ya faɗi a kansa zai shiga awonka a matsayin zafi. Na taɓa shafe kwanaki ina neman dalilin da ya sa wani kai ke nuna ƙarin digiri 8 duk lokacin da ya shiga wuri mai duhu a hoto, har na fara rage ƙarfin harbi, bugun ya lalace. Abin da ya warware mini shi ne kallon siginar a osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar boltej, daidai lokacin da harbin ƙarshe ya tsaya. Digiri 8 ɗin sun ɓace nan take, kamar an yanke da wuƙa. Zafi ba ya sauka haka, gangarowa yake a hankali. Duk abin da ya faɗi tsaye a daidai tsayawar harbi lantarki ne. Maganin shi ne ka ba sensar nata layin komawa, ka kuma karanta ta a lokacin da babu harbi: a tazarar da ke tsakanin harbi biyu, ko a ƙarshen layi sa'ad da kan ke juyawa. Ɗauki awo da yawa a jere ka fitar da matsakaici. Amma kada ka sa matatar da ta cika nauyi, wadda za ta jinkirta siginar da daƙiƙa guda, domin ranar da tawada ta yanke wannan daƙiƙar ce tsakanin kai mai rai da ƙonanne.

Wata 'yar dabara ga wanda ba ya iya karantawa sai bayan bugu ya tsaya: rubuta awo a kai a kai tare da lokacin kowanne tun daga tsayawar, ka zana layin saukar, ka mayar da shi baya zuwa daƙiƙar da aka tsaya. Ba ta kai awon kai tsaye ba, domin saukar farko ta fi sauri, don haka abin da za ka samu ƙasa yake da gaskiya. Duk da haka ta fi lamba ɗaya da aka ɗauka ba a san bayan daƙiƙa nawa ba.

Ga masu firintar da ba ta dafa tawada, irin su Epson da fasaharsu ta Micro Piezo tun 1993, da Brother, lamarin ya fi sauƙi. A can wani abu ne ke lanƙwasawa ya matse tawadar, zafin da ake samu kaɗan ne kuma a hankali yake tafiya. Tamista a jikin kan ta wadatar, ita ce firintar ke dubawa ta daidaita ƙarfin matsawar da kaurin tawada. Manyan injinan tawadar da ake busarwa da hasken UV ma da gangan ake ɗumama kawunansu zuwa wajen digiri 40 zuwa 50 don tawadar ta tsinke. A irin waɗannan, tamokoful siriri da aka manna da kyau a ƙarfen kan yana iya ba ka lamba mai amfani. Tamista mai om 10,000 a digiri 25 tana canzawa da kusan kashi 4 cikin ɗari a kowane digiri, sigina ce babba, sai dai ba miƙaƙƙiya ba ce, a yi amfani da jadawalin mai ƙera ta ko lissafin Steinhart da Hart na 1968.

Game da burinka na digiri ɗaya ko biyu: in ma'aunin dogaronka yana cikin 0.3, kwanan da ka ba injin ya daidaita cikin 0.3, da'irarka tana rarrabe 0.3, ka kuma kauce wa hayaniyar harbi, to matsakaicin zafin fallen cikin digiri ɗaya abu ne mai yiwuwa. Da shafin masu gyara kaɗai, bayan ka gano karkatarsa da safe, sa ran digiri biyu zuwa uku, tunda gangaren da manhajar ke amfani da shi ba kai ka auna ba. Ka kuma riƙa rubuta yanayin kowane gwaji tare da lambarsa: hoton da aka buga, matakin inganci, shafi na nawa, zafin ɗaki, da daƙiƙa nawa bayan tsayawa. Digiri 52 bayan shafi biyar cike da launi ba abin tsoro ba ne a kan irin wannan firintar. Abin da za ka sa wa ido shi ne ranar da hoto ɗaya, a ɗaki ɗaya, ya fara ba ka 58 ko 60. In ka ga haka, dakatar da bugun, ka buga gwajin kafofi, ka duba ko tawada na isa kan.